Ganin Ayu

Ayu na zaune a bakin tekun Afirka ta Yamma, daga Senegal har Angola, yana kuma haurowa kogin Neja da Binuwai. Ƙato ne, ciyawa yake ci, galibi da dare. Kunya gare shi kamar amarya.

Ƙa'idar ganinsa a ruwayen Neja Delta ba wuya. Mai nema ya shiga kwalekwale, ya yi tsit, sauro ya sha biki. In rabo ya rantse, can ƙofofin hanci biyu su leƙo, su shaƙi iska, su nutse. An ga ayu ke nan.

Mansa kuwa bai gaji kunyar ba. Yana nan cikin kwalabe a tashoshin motar Arewa, rani da damina, bai taɓa yankewa ba.