Sanyi Muke Zargi

Mu dai a unguwar nan, da hunturu ya kama mun riga mun san wanda za mu ɗora wa laifi. Yaro ya fara yoyon hanci, sai a ce wa ya aike shi wanka da sassafe? Maigida ya kwana tari, sai uwargida ta ce ruwan randa ya sha da dare. Ba mai tuna cewa mu tara muka kwana ɗaki guda, taga a toshe da tsumma, ƙofa a garƙame, ɗayanmu kuma tun shekaranjiya yake jan majina.

"To Malam, da wannan ƙurar sai mu bar taga a buɗe?" Haka Baba mai shayi yake tambaya, kuma yana da gaskiyarsa. Sanyi na busar da hanci, yana kuma kora mu cikin ɗaki. Amma ƙwayar mura daga ƙirjin mutum take fitowa. Duk numfashin da muka fitar yana tafe da danshi, tururin nan da kake gani a bakinka da asubar sanyi, na mai mura kuwa ɗauke yake da ƙwayoyin cutar. Manyan ɗigon atishawa ba sa nisa, taku biyu ko uku sun faɗi ƙasa. Ƙananan da ido ba ya gani su ne 'yan fitina. Shawagi suke yi kamar hayaƙin turaren wuta, wanda in an sa shi a ƙuryar ɗaki har na bakin ƙofa sai ya shaƙa. Ba ma sai an yi tari ba, magana kaɗai ta isa, kuma iya ɗaga murya iya yawan abin da ke fita. Mu kuwa, Allah ya sani, ba mu iya hira a hankali ba.

Sai kuma dubiya. An ce ɗan wance na kwance da ƙyanda, sai mata su yi ayari, kowacce da goyonta, a cika ɗakin ana "sannu, ya jiki?" In ka yi magana a ce, "Haba Yaya, ai ba mu taɓa shi ba." Ita ƙyanda ina ruwanta da taɓawa? Ƙwayarta kan zauna a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma da suka zauna da shi ba su da rigakafi, tara sai sun kamu.

Lokacin korona, a 2020, mun wanke hannu har ya yi kaushi. Kowace ƙofar banki da bokitinta mai famfo. Takunkumi kuwa a haɓa muke rataye shi, in za mu yi magana mu ƙara sauke shi don a ji mu da kyau. Ba mu kaɗai muka makara ba fa: ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya sai a 2021 ta fito ɓaro-ɓaro ta ce cutar na bin iska. Alhali tun watan Maris na 2020, a jihar Washington ta Amurka, mawaƙan wata ƙungiya su 61 sun yi bitar waƙa ta awa biyu da rabi a zaure guda, 53 suka kwanta, biyu suka rasu.

A motar haya ma haka muke. Mutum ya barke da atishawa, mu amsa masa da "yarhamukallah" baki ɗaya. Wani ya ɗan sauke gilashi, nan take Hajiya ta baya za ta ce, "Ɗan nan, rufe mana, so kake mura ta kama mu?" Sai a rufe, a ci gaba da hira har Zariya.