Na Gina Wa Agwagin Daji Gidan Haya

A saninmu, agwagwa ba a yi mata gini. Yawonta take a tsakar gida, ta sha ruwan wanke-wanke, ta yi ƙwanta a bayan rumbu, in Sallah ta matso a san yadda za a yi da ita. Sai da zama ya kai ni jihar Ilinoi ta Amurka na tarar da wata agwagwar daji mai ado, wadda ba ta yin ƙwai sai a kogon bishiya, kuma dattawa masu furfura suna cire kuɗi daga aljihunsu suna ƙera mata ɗaki.

Maƙwabcina, wani tsohon kafinta, shi ya ja ni ciki. Ya ce a farkon ƙarnin da ya wuce farauta da saran daji sun kusa ƙarar da tsuntsuwar, sai dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta tsaya mata, sannan a 1937 aka fara kafa mata akwatuna a nan Ilinoi. Yana faɗa yana buga ƙirji, ka ce shi ya sa hannu a dokar. Ni kuwa lissafin da nake yi a zuci na farfesu ne.

Muka sayi katako mai kaushi. Ƙofar akwatin inci 4 ce a faɗi, inci 3 a tsaye. Na ga wannan ai ƙuntata wa baƙo ne, na ƙara buɗe tawa. Dattijon ya duba, ya ce madalla, na yi wa rakun ɗakin cin abinci. Rakun wata dabba ce mai baƙi a zagayen ido, mai hannu irin na mutum, sana'arta satar ƙwai. Muka toshe, muka sake hudawa. Aka zuba sassaƙen katako a ciki, don gimbiyar ba ta ɗauko ko tsinke ɗaya na shimfiɗa, aka manna ragar waya a ƙarƙashin ƙofa ta zama tsanin 'ya'yanta.

Kafawa kuma sai tsakiyar hunturu, lokacin da tafkin bayan gidajenmu ya daskare, a taka ƙanƙara a huda a dasa turken ƙarfe. Yadda na isa wurin, rabi da ƙafa rabi da mazaunai, ba zan tsawaita ba. Akwatuna biyu na kafa dab da juna, kowanne da kifaffen mazurari na kwano a jikin turke don hana ɓarayi hawa.

Ɗan haya na farko mujiya ce. Uwargida ta leƙa ta taga, suka haɗa ido, ta yi salati ta ce, "Malam, duk tsuntsayen Allah ka rasa wanda za ka gina wa ɗaki sai wannan?" Na tafi da sanda, maƙwabci ya tare ni: ita ma doka ta hana a taɓa ta. Haka ta zauna kyauta har ta gaji ta tashi. Rina suka maye gurbinta. Su ne suka fara biyana, a goshi da bayan kunne, kafin in ji cewa sabulu ake goga wa rufin ta ciki don kada sheƙarsu ta kama.

Da bazara ta shigo, sai ga agwagin. Ɗaya kan yi ƙwai kamar dozin, ta kwanta a kai wajen kwana 30. Da na buɗe akwatin farko, ƙwai ya haura talatin, na biyu kuwa wayam. Ashe in akwatuna suna fili kusa da juna, maƙwabta kan bi mai ɗaki su zuba mata nasu su yi gaba. Ta kwanta a kan tulin nan, fukafukai ba su rufe rabi ba.

Abin da kowa ke jira shi ne tsalle. Kwana ɗaya da ƙyanƙyashewa uwar kan sauka ruwa ta yi kira, 'ya'yan su hau tsani su faɗo ɗaya bayan ɗaya, ba su ƙara komawa. Na ɗauko kujera tun bayan asuba na zauna gadi. Shayina ya huce, na shiga in ɗumama. Ko da na fito, sai bayansu na hango a layi suna shiga ciyawa.

Uwargida ta ce, "To, wacce ce tamu a ciki?" Na je na tambayo. Sai kaka ta yi, sai da lasisin jiha da kan sarkin farautar agwagi na gwamnatin tarayya, sannan in nemo bindiga in koyi harbi. Ta saurara har na gama, ta miƙo mini makullin mota, ta ce in je kanti in sayo kaza kafin su rufe.