Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Takardar Atachimen

Zuwa ga Hajiya Takardar Atachimen,
Ta hannun ofishin hulɗa da masana'antu,
Kowace jami'a, Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da hatiminki da sa hannun nan da ba mai iya karanta shi, ina yi miki barka da zagayowar dogon hutu, wato kakarki. Ga shi kin fara fitowa dubu-dubu cikin farin ambulan, kina bin lungunan Krofrom da Moshi Zango da Aboabo a hammatar 'ya'yanmu. Na ga ya dace wani ya rubuto miki, tunda ke kullum sai dai ki rubuta.

Ni tsohon akawu ne. Don kawai an taɓa ganina da laktaye ina fita aiki Adum, unguwa ta naɗa ni jami'in samo wa ɗalibai wurin koyon aiki, ba albashi, ba ofis, sai benci a ƙofar shagon tela. Bayan la'asar iyaye mata ke zuwa, su gaishe ni, su tambayi ciwon gwiwata, sannan a zaro ki daga cikin mayafi. "Kawu, ga takardar yaronka, a taimaka." Ta haka na san ki ciki da waje, har na haddace ki.

Ranki ya daɗe, kina da ladabi, wannan ba musu. Kina cewa mai ɗauke da ke ɗalibin jami'a ne, yana shekara kaza, yana karanta kaza, kuma za a yi matuƙar godiya in an ba shi wuri na 'yan makonni ya ga yadda ake aiki. Sai dai maganarki ɗaya ce ga kowa. Yarinyar da ke kwana a ɗakin karatu da yaron da malaminsa bai taɓa ganin fuskarsa ba, yabo ɗaya kike yi musu, ba ragi ba ƙari. Can sama kuma, inda sunan kamfani ya kamata ya zauna, kin bar fili ɗalibi ya cike da biro, ko kuma ki ce kina magana ne da duk wanda abin ya shafa. Hajiya, na zagaya Kumasi daga Tafo har Asokwa, ban haɗu da mutumin nan da abin ya shafa ba. Kowa na tambaya sai ya ce mai yiwuwa yana ofishin gaba.

Bari in ba ki labarin tafiyarki, don na lura ba ki san inda ake kai ki ba. Yaro zai yi miki hoto kwafi goma da kuɗin kokon uwarsa, ya goge rigarsa ta sallah, ya hau trotro zuwa Kejetia, ya taka zuwa Adum. Mai gadi zai dube shi sama da ƙasa, ya nuna masa teburin sakatariya. Ita kuma ba za ta ɗago kai ba, za ta ce a ajiye, za a kira. Na san durowar da kike sauka, don na yi shekaru ina jan irinta: ta can ƙasa ce, wadda ake ajiye ƙullin gyaɗa da tsohuwar caja. Nan za ki tarar da 'yan'uwanki na bara da na bara waccan, kuna kwance kan juna. Ƙarshen shekara mai shara ya kwashe ku. Wata safiya na sayi ƙosai, ina warware takardar sai ga hatiminki ya jiƙe da mai, ga sunan ɗan wani bawan Allah, ɗalibin lissafin kuɗi, shekara ta biyu. Na ci ƙosan, na yi masa addu'a.

Wanda ya samu shiga kuwa, ba ke kika shigar da shi ba, kin dai raka shi. Kina da kishiya wadda ba a buga ta a takarda, mutanen Gana na ce mata protokol. Waya ce guda, daga wani mai faɗa a ji zuwa ga wani mai faɗa a ji, minti biyu an gama. Ita ke buɗe ƙofa, ke kuma a manna ki a fayil don cika ƙa'ida. To ɗan zangon da ubansa ke lodin kaya a tashar Krofrom, inda motocin Bolga da Bawku ke tashi, uwarsa na sayar da wake da shinkafa, wa zai buga masa waya? Sai ni, mai lambobin mutanen da rabinsu sun yi ritaya, rabin kuma sun riga mu gidan gaskiya.

A ce ma an dace. Ɗan ƙanwata ya samu wuri a wani ofis, ya dawo da littafin nan da ake ba su don rubuta aikin kowace rana, ya ce in taya shi. Na ce me ka yi ranar Litinin? Ya ce an aike shi sayen abinci. Talata fa? Ya tsaya wajen injin hoto. Laraba manaja bai zo ba, an kulle ɗakin da kwamfuta take. Muka zauna muka rubuta cewa ya nazarci tsarin sayo kayayyaki, ya sarrafa na'urorin ofis, ya kuma lura da matakan tsaro. Shugaban sashen ya sa hannu a shafuka duka rana ɗaya, da biro ɗaya, bai karanta ko layi ba. Yaro ya ci maki mai kyau. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Kada ki ce na zo cin mutuncin masu buga ki. Na san irin zaman da suke yi. Mutum biyu ko uku ne a ɗaki, a gabansu sunayen ɗalibai sun fi ƙarfin ido. Su za su buga ki, su bi shugaban sashe ya sa hannu, su rubuta wa ya tafi ina, su raba malaman da za su je duba yara, su karɓi takardun maki a rufe, su saurari wanda aka kora da wadda wani babba ya dame ta da kira cikin dare. Ɗalibai sun watsu daga Takoradi har Bawku, kuɗin man mota kuwa ya tsaya a wani teburi. Malamin da ya kamata ya je ya gani da ido sai ya buga waya: kana zuwa aiki? Ina zuwa, sa. To madalla. Wanda aka ɗora wa wannan kaya, in ya ga hatimi na rage masa nauyi, dole ya riƙa dukan hatimi.

Su ma kamfanonin da kike nema, nawa suka rage? Zamanin Nkrumah an gina wa Kumasi masana'antar takalma da ta buhunan rama. Ta buhu ta mutu, ta takalma sai da sojoji suka zo suka tashe ta bayan dogon suma. Injinan tsaga katako na Kaase da Ahinsan da yawa sun yi shiru. Ɗalibai kuwa sai ƙaruwa suke, balle tun da aka mai da sakandare kyauta a 2017. Jami'ar KNUST na yayewa, Jami'ar Fasaha ta Kumasi na yayewa, ta Tanoso na yayewa, ga masu zaman kansu. Ɗalibin gini ma da zai so ya ga aiki kusa da gida, ga kasuwar Krofrom a gabansa: an fara ta a 2007, jaririn da aka raɗa wa suna a shekarar ya kai shiga jami'a ba a buɗe ta ba. Da an tura shi can, aƙalla da ya koyi yadda ciyawa ke cin siminti.

Ki gaishe mini da yayarki, Hajiya Bautar Ƙasa, wadda yara ke kira sabis. Ita dattijuwa ce, an haife ta a 1973 zamanin Acheampong, shekara ɗaya da takwararta ta Nijeriya, kuma a 2024 aka yi mata sabuwar doka aka ɗaga darajarta. Ta fi ki ƙarfi, domin ita ba roƙo take ba, tura mutum take, ko da kuwa wanda ya karanta injiniyan lantarki ne ta aika shi koyar da 'yan firamare. Abin da ke burge ni da ita shi ne iya lissafi. Alawar da ta yi ta biya shekara da shekaru sidi 559 ne da fesuwa 4. Da aka ƙara a 2023 ta koma sidi 715 da fesuwa 57. Ki duba fesuwa 4 ɗin nan, Hajiya, ko ruwan leda ba ta saye, amma ba a taɓa mantawa da ita ba. Sai ga shi a watan Fabrairun 2025 fadar shugaban ƙasa ta ce an ƙirga kawuna, an tarar da sunaye 81,885 da ake zargin ba mutane a bayansu. Fatalwa ta samu wurin aiki, tana karɓar alawa, ɗan mutum mai jini a jika yana yawo da ke a hammata. Ina so in san wa ke buga wa fatalwa waya, ko zai ba ni lambarsa. Ƙanwarku NABCO kuwa, da aka yi bikinta a 2018 da alkawarin ɗaukar masu digiri 100,000 kan sidi 700 a wata, ba ta yi tsawon rai ba, a 2022 aka rufe ta. Allah Ya ba masu bin ta bashi haƙuri.

Abin da ya sa nake jin zafinki shi ne mu mutanen zango mun san wannan aiki tun ba a haife ki ba. Kakanninmu fataken goro, da suka gangaro Kumasi bayan yaƙin Salaga na 1892, ba su da hatimi. Uba zai kama hannun ɗansa ya kai shi wurin maigida, ya ce ga amana. Maigida ya ba shi wurin kwana, ya koya masa zaɓen goro da yayyafa masa ruwa da juya huhu, in ya ga ya nuna ya tsaya masa a ba shi kaya bashi. In yaro ya ci amana, fuskar maigida ce ta zube. Shi ya sa ba ya yabon wanda bai sani ba. Ke kuwa ba ki da fuskar da za ta zube.

Har yau haka ake yi a Magazin ta Suame, matattarar makanikai, nan bayanmu, tafiyar trotro ɗaya. Uwa za ta ɗaura mayafi ta je da kanta wurin masta, da goro da lemon kwalba da abin da ya sawwaƙa. Masta ya dubi yaron, ya miƙa masa sifana, ya ce ya kwance tayar can. Kafin mako biyu ya san ko akwai kai ko babu. Ranar yaye shi, masta ne zai gaya wa direbobi cewa wannan hannuna ne, ku kai masa mota. Zuwa da kai ya fi aike, in ji masu magana, ke kuma aike ce tsantsa. Ban ce Magazin aljanna ba ce. Akwai mastan da zai riƙe yaro shekaru yana wanke ƙarfe da fetur ba ko sisi, akwai mai saurin hannu, ga baƙin mai a ƙasa ba takalmin kirki. Kuma motocin yanzu da kwamfuta a cikinsu, masta da yawa kunnensa ya daina jin ciwonsu sai an jona na'ura. To wa ya iya karanta na'urar? Yaran nan da kike kai wa durowar Adum.

Ba sabon abu nake kawowa ba. KNUST da kanta ta taɓa yin haka: cibiyarta ta ba da shawara kan fasaha, da aka kafa a 1972, ta je ta buɗe wurin aiki a cikin Magazin a 1980, injiniyoyi suka zauna da maƙera da masu walda. Mutanen wancan lokaci sun sa takalmi sun shiga cikin baƙin mai, ba su aiko da ambulan ba.

Saboda haka ga roƙona. Kafin a buga ki, a samu mutum ya fita ya zagaya, ya zauna da masu wuraren aiki, a san wa zai ɗauki mutum nawa, a rubuta sunan wurin da injin, ba da biron ɗalibi ba. A sa layi ɗaya a jikinki wanda malamin da ya san yaron zai faɗi gaskiya a kansa, ko da cewa ne yana da makara amma hannunsa na da kyau. A ƙara wa mutanen ofishin nan hannu da man mota. Kuɗin trotro kuma a san wanda zai biya, don uwa mai sayar da koko ta gaji da ɗaukar nauyin ɗanta yana yi wa banki aiki kyauta.

Na ƙarshe shi ne maganar hatimi. Akwai wata 'yar maƙwabta mai karatun kwamfuta, da ta gaji da yawon Adum na kai ta wurin wani masta mai gyaran wutar mota. Yanzu ita ke jona na'ura tana karanta masa abin da motar ke cewa, shi kuma yana nuna mata wayar da za ta bi, har direbobi sun fara tambayar ina ƙaramar madam. Amma an ce ba za a karɓi littafinta ba sai da hatimin kamfani da takarda mai kan suna. Masta ba shi da ko ɗaya, kwantena gare shi da inuwar kwano. Ya yarda zai sa a yanka masa hatimi a Kejetia. Ya dai ce in tambaye ki, tunda ke kika san abin da manya ke so: a rubuta masa Manajan Darakta ko Babban Injiniya? Mai yankan ya ce kuɗin ɗaya ne.

Haza wassalam.

Naki,
Wani kawu a Krofrom