Yadda Fumfuna Ta Gaje Mini Falo

Wanda ya gina gida a Kano da rani bai san abin da ya gina ba sai Agusta ta zo. Ni na tare a nawa cikin Afrilu, bango fari tas, silin sai ƙyalli, ina zagayawa da baƙi ɗaki-ɗaki ina faɗa musu kuɗin buhun siminti ko ba su tambaya ba.

Da ruwa ya zauna sai falo ya fara wani irin wari. Na zargi takalman yara, uwargida ta zargi safata. Ranar da aka janye doguwar kujera za a yi shara muka ga mai laifin: daga ƙasa har kusan ƙugu bango ya yi baƙi-baƙi da kore-kore, ga wani farin gari yana zubowa. Autana ya tsaya ya ƙare masa kallo ya ce taswirar Afirka ce, har ya nuna mini Madagaska.

Na ce fumfuna ce, kuma yau kwananta ya ƙare. Na ɗebo ruwa cike da bokiti, da soso da sabulu, na dirje bangon har kafaɗata ta yi tsami. Ashe walima na yi mata. Kafin Juma'a ta zagayo ta dawo da danginta. Na koma wa sinadarin wanke fararen kaya. Shi kam ya kore launin, ya bar saiwar a cikin filasta, ruwan da ke cikinsa kuma bango ya shanye ya yi godiya.

Sai wani abokina mai karance-karance ya ce ai irin fumfuna a iska yake yawo, ido ba ya ganinsa. Gaskiya ya faɗa, ni ne na ƙarasa masa lissafin: in ta iska take shigowa, to a hana iska shiga. Na rufe tagogi, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa. A cikin gidan nan ake dafa tuwo, a ciki ake shanyar kayan yara saboda ruwan sama, a ciki muke numfashi mu duka, tururin bai da hanyar fita. Fumfuna ta bar falo ta shiga yawon buɗe ido. Ta hau silin na kwali, ta bi bayan durowa, ta yi wa takalmina na fata koren gashi. Babbar rigata ta shadda, wadda mai wanki ya ɗirka wa sitaci, ita ta fi shan wahala, domin sitaci abinci ne, kuma ba a raina abinci da damina.

Mai fenti ya ce kada in damu, fentin mai ba ya barin ruwa ya wuce. Haka ne kuwa, bai bari ba. Ruwan da ke cikin bango ya rasa mafita, fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, yara suka samu abin wasa suna fasawa da tsinke.

Ana haka surukata ta zo ganin gida. Ta dubi bango, ta dubi 'yarta da ke tari, ta ce, "Wannan ba damina ba ce, ido ne. Wa ya ce ka riƙa faɗa wa mutane kuɗin siminti?" Ta aiko da kasko da ƙullin turaren hayaƙi, safe da yamma, kuma kada a buɗe taga. A nan kaɗai ra'ayinmu ya taɓa zuwa ɗaya.

Tarin ne ya kai mu asibiti. Likitar ta tambaya ko ɗakinmu na da laima, ta ce tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan laima da fumfuna a cikin gida, saboda alaƙarsu da tari da asma. Ta ce duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48, kuma ɗanshin iskar ɗaki kada ya wuce kashi 60 cikin ɗari. Da na gaya mata dabarar tsumma, sai ta cire tabarau ta dube ni.

Daga nan na nemo wani tsohon magini. Bai ko kalli taswirar ba. Ya kankaro farin garin ya jefa a kofin ruwa, ya narke. "Wannan gishirin ƙasa ne, ɗana, ba shi da rai. Baƙin nan shi ne mai rai." Ya ce siminti ya fi ƙarfin cikin fumfuna, abin da take ci shi ne ƙura da fenti da katako da kwali, amma ba ta iya cin komai sai da ruwa. Ya tambaya ko an shimfiɗa leda kafin a zuba daɓen ƙasa. Kuɗin leda dai na biya, wannan na tabbata. Ya yi dariya ya ce bulo yana zuƙar ruwa kamar yadda lagwani ke zuƙar kananzir, yakan hau da shi kusan mita guda.

Muka zagaya baya. Ruwan kwano gaba ɗaya a gindin bango yake zuba, daidai kan furannin da na dasa a jikin ginin, waɗanda nake ba ruwa ko da an kwana ana ruwa. Tsohon ya ce mutanen da masu ginin ƙasa ba wawaye ba ne: dogon indararo suke sawa ya tofar da ruwa can nesa, su yi dakali a gindin bango, su sake yaɓe da makuba kafin ruwa ya sauka. Ya lissafa aikin, a sassaƙe filasta, a yi magudana, a tumɓuke furanni, ya faɗi kuɗi. Na ce sai rani, Baba.

Nuwamba na kamawa iskar hunturu ta taso, leɓe ya fara tsagewa, bango ya bushe ƙarau, wari ya ɗauke. Baba magini ya aiko cewa barci take yi, Yuni za ta farka. Surukata kuwa ta zo ta shafa bango da hannunta, ta juyo ta ce, "To, masu boko, ka gani? Kawo kuɗin turare, maƙwabciyata ma tana so."