Mazhabobin Matafiya a kan Mas'alar Data

Kakanninmu da suka yi niyyar sauke farali a zamanin tafiyar ƙasa, suna ketawa ta Barno da Wadai da Darfur har su kai gaɓar Bahar Maliya, sukan yi shekara da shekaru ba a ji ɗuriyarsu ba, kuma ba wanda ya ɗauki haka abin mamaki. Amma tun da wayar salula ta bazu a Nijeriya daga 2001, sai ga shi mutum in ya sauka Jidda ba ya samun natsuwa sai ya aika wa iyali hotonsa sanye da harami. Ta haka data ta zama babi daga cikin babukan guzuri, matafiya kuma suka rarrabu a kanta mazhaba mazhaba, kowa da hujjarsa.

Ta farko ita ce mazhabar mai tawakkali ba da ɗaure raƙumi ba. Shi wannan alhaji, alhali ya yi ciniki mai tsanani a kan kuɗin jaka da na takalmi, bai taɓa tambayar nawa layinsa na gida zai ci a ƙasar mutane ba, bai kuwa kashe data ba. Saboda haka da jirgi ya sauka ya kunna waya, sai dukan bidiyon da 'yan unguwa suka tura cikin dare su shiga saukowa, kowane da tsadar baƙunta, har katin da ya loda a Kano ya ƙare tun bai fita layin duba fasfo ba. Daga nan sai ya yi fatawa cewa kamfanonin waya duka azzalumai ne, ya riƙa maimaita ta har ranar komawa.

Kishiyarsa shi ne bahili, mafaraucin wayfai na kyauta, wanda ya yi alwashin ba zai ba da riyal ko ɗaya ba a kan abin da ido ba ya gani. Za ka same shi a zauren masauki a unguwar Misfala, ya naɗe ƙafa kusa da teburin karɓar baƙi, domin ya gano da dogon bincike cewa a nan ne sabis ya fi ƙarfi. Ya haddace lambobin sirrin otal uku da na gidan abinci biyu, yana kuma shiga shagon shayi ya yi sallama cikin ladabi, ya tambayi lamba, ya fita bai sha komai ba. Hikimarsa tana tafiya daidai har ranar da aka fita Mina, inda tantuna duk farare ne iri ɗaya, ya tafi jifa ya kasa gane hanyar komawa, ga taswira cikin aljihu amma ba ta buɗewa.

Akwai kuma ɗan'uwansa na jini, wanda ba ya farauta, sai roƙo. Yakan matso da murmushi ya ce, "Alhaji, don Allah ɗan jona ni da datarka, saƙo ɗaya zan tura." Kai kuwa da kunyar wuri mai tsarki sai ka buɗe masa, sai dai da yake shari'a ta wajabta masa adalci tsakanin matansa, in ya kira uwargida ta bidiyo, ba makawa sai ya kira ta tsakiya da amarya, kowace kuma sai ta miƙa wa 'ya'yanta su gaida Baba.

Mujtahidin zamani shi ne saurayin da ya sayi layi marar kati ta intanet tun yana gida, irin wanda manyan wayoyi suka fara karɓa wajen 2018, yana kuwa yi wa jama'a wa'azinsa tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano, ba tare da ya lura cewa rabin masu sauraro wayarsu mai maɓalli ce ba. Maganarsa gaskiya ce, illa dai galibin irin wannan layi data kawai yake bayarwa, babu lambar kira, har direban da ke jiransa ya rasa ta inda zai same shi.

Jumhuru, wato masu matsakaicin ra'ayi, sukan tsaya a rumfar STC ko Mobily ko Zain, su miƙa fasfo, a ɗauki zanen yatsa, su sayi layin ƙasar. Ra'ayi ne ingantacce, in ban da cewa da yawansu sukan cire layin gida su ƙunshe a takarda su manta inda suka ajiye, sa'an nan ranar da guzuri ya yi ƙasa banki ya aika lambar tabbatarwa can inda ba mai gani.

Fataken Guangzhou su kam hukuncinsu daban ne, gama a ƙasar Sin an toshe WhatsApp da Facebook da Google, wanda bai sa manhajar tsallake katanga tun daga gida ba sai ya koma WeChat kamar mutanen gari. Abin ban dariya kuwa, a nan ne mai tawakkali yake cin riba, domin layin baƙo ta ƙasarsa yake bi, katangar ba ta tare shi.

Zahidi ma, wanda ya kashe waya ya ce ibada ya zo yi ba hira ba, ladansa yana wurin Allah, amma da ya isa Madina ya ji cewa shiga Rauda sai da izini ta manhajar Nusuk, sai aka gan shi yana bin jikansa yana lallashi.

Abin da ya rinjaya a wurina, ya kai mai karatu, shi ne ka bar layin gida cikin waya da datarsa a kashe saboda saƙon banki, ka sayi na ƙasar da ka sauka don sauran bukatu. Wanda kuwa ya zo maka da zancen saƙo ɗaya, ka fara tambayarsa matansa nawa.