Yadda Maigida Zai Riƙe Ɗan Barema Kafin Motar Abijan Ta Tashi

A gundumomin Madawa da Buza da Keita na jihar Tawa, duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa, ko mai garkar albasa ne a kwarin Tarka, ko daraktan makaranta a wani ƙauyen Tamaske, ko manjo, wato babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da likitar ƙauye, yana da abokin takara guda ɗaya da ba ya barci, shi ne tashar mota. Adar da kewayenta ƙasa ce da aka san mazanta da tafiya bida, wato barin gida bayan girbi don neman kuɗi a Najeriya ko Abijan ko Libiya ko Aljeriya, saboda haka ma'aikacin wannan yanki ba ya dogon tunani kafin ya ɗaure kayansa, domin akwai yayansa ko ɗan ƙauyensu da ya riga shi isa can. Shawarwarin da ke tafe an tsara su ne domin maigidan da ke son ya tarar da mutane a bakin aiki idan gari ya waye, kuma ko da yake an sa musu gishirin raha, babu ko ɗaya da ba da gaske ake faɗarta ba.

Abin da ya kamata maigida ya fara koyo shi ne buɗe aljihu a kan lokaci. Barema ita ce aikin gona da ake yi wa wani don a biya mutum ladansa a ranar ko a ƙarshen aikin, kuma a kanta noman albasa ya dogara tun daga dashe, wato cire irin daga inda aka yafa shi a kafa shi ɗaya bayan ɗaya a fangali, har zuwa ban-ruwa da cira da yankan ganye da ɗurawa a buhu. Matsalar ita ce albasa tana zubewa a kasuwa lokacin cira, wajen watannin Maris da Afrilu, sai ta yi tsada bayan wasu watanni, don haka mai garka yakan jibge ta a rudu, wato rumbun kara da ciyawa da ake ajiyarta a ciki, yana jiran farashi. Wannan dabara ce mai kyau, amma ba ta halatta masa ya ajiye ladan ɗan barema a rudun tare da albasar ba, domin cikin iyalin ma'aikaci bai san hawa da saukar farashi a Kano ko Akara ba. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa ana biyan ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba, kuma duk wanda ya san zafin Madawa a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san cewa wa'adin da aka bai wa maigida gajere ne ƙwarai. Wanda ke ɗaukar ma'aikaci na wata kuwa ya tuna cewa mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun watan Janairun 2024, kuma wannan ƙasa ce da ba a sauka ƙarƙashinta, ba rufin da aka hana wucewa ba.

Bayan aljihu sai ƙwarya. Furar da ake kai wa ma'aikata garka ya kamata ta kasance mai riƙe ludayi, domin idan ma'aikaci ya leƙa ya ga fuskarsa da gajimare a cikinta, to ya gama fahimtar matsayinsa a gidan, kuma ba sai an yi masa bayani ba. A tanadi randar ruwan sha a inuwa, a bar mutane su huta tsakanin azahar da la'asar, sannan duk wanda aka ɗora wa feshin maganin ƙwari a ba shi abin rufe hanci da baki da hannu, a kuma hana shi wanke tulun feshin a bakin rijiyar da ake sha. A nan babu wasa ko kaɗan, saboda ma'aikacin da ya kwanta jinya kakar iyalinsa ce gaba ɗaya ta kwanta.

Harshe ba ya cin ko dala, amma shi ne masu gida suka fi rowarsa. Dattijo mai furfura ba a ce masa "kai yaro" don kawai yana riƙe da fartanyar wani, sunansa Baba ko Malam, kuma "sannunku da aiki" ba ta taɓa rage yawan buhu ba. Idan akwai faɗa a yi shi a gefe, da murya ƙasa, domin mutum yakan manta kuɗin da aka rage masa kafin ya manta ranar da aka ci masa fuska a gaban ƙannensa.

Wanda ke shakkar cewa shugabanci na iya riƙe mutane a aiki mai tsanani ya dubi tarihin Keita. A shekarar farin 1984, an kafa babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana gudanarwa, hukumar ba da agajin abinci ta duniya, PAM, kuma tana ba da abincin da ake biyan ma'aikata da shi, kuma daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Da yake maza da yawa sun tafi bida, mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera shingaye don tare ruwa, suka haƙa ramukan shuka a kan tudun da ya zama fako, mata ne. Cikin shekaru kusan 20 an farfaɗo da fili fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, ban da rijiyoyi da madatsun ruwa da hanyoyi. Yunwa ce ta fara kawo mutanen, babu mai musun haka, amma yunwa kaɗai ba ta sa a jera dutse da kyau shekara bayan shekara. Abin da ya taimaka shi ne kowa ya san abin da zai samu a kan yinin da ya yi, jagororin aikin suna zaune a yankin suna taka ƙurar da ma'aikata ke takawa, kuma amfanin gumin yana komawa gonakin garin da idon kowa ke gani. Mai garkar da bai kai ko ɗaya bisa dubu na wannan aiki ba ba shi da hujjar kasa yin waɗannan abubuwa uku.

Daga nan ne ake ba maigida shawarar ya riƙa saukowa daga kan babur. Shugabancin da ake yi daga bakin hanya, da babbar riga mai sitaci da waya a kunne, ana nuna fangali da ɗan yatsa, ba ya gano cewa injin ban-ruwa yana tari tun shekaranjiya, ko cewa wani ya zo aiki ne ya bar ɗansa da zazzaɓi. Darakta da manjo su ma abin ya shafe su. Ba su ne ke biyan malamin kwantaragi ko ungozomar da aka turo daga nesa ba, kuma ba su da iko a kan ranar da kuɗi zai fito, amma suna da ikon zuwa wurin maigari a nemo wa baƙon ɗaki mai ƙofa, su raba aikin dare da adalci, su kuma tsaya masa idan iyayen yara ko dangin majinyaci sun taso. Sau da yawa abin da ke sa baƙon ma'aikaci neman sauyin wuri bai wuce rashin wanda zai tambaye shi yadda ya kwana ba.

A ƙarshe akwai ranar da duk dabara za ta ƙare. Idan ruwan farko ya sauka, ɗan barema zai koma shukar hatsinsa, kuma hana shi zalunci ne, haka ma ranar suna da ranar jana'iza. Wani kuma zai hau motar Abijan duk da fura mai kauri, domin yana da aure a gabansa ko bashi a bayansa. Irin wannan a cika masa lissafinsa har dalar ƙarshe, a ƙara masa guziri, a yi masa addu'a, saboda zai dawo da damina, kuma a dandalin garinsu shi ne zai gaya wa samari garkar da za su nufa da wadda za su kewaye.

Saboda haka ana kira ga masu garka na Madawa da Buza da Keita da su zauna da mutanensu tun kafin dashen bana, a yanke lada da ranar biya da lokacin hutu a gaban shaidu, sannan a cika abin da aka yanke.