Kujeruna da Masu Son Su Fiye da Ni

Duk wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu ya san ɗaki ba ya zaunuwa bayan la'asar, balle in an ɗauke wuta. Shi ya sa na sayo fararen kujerun roba na jera a gindin darbejiyar ƙofar gidana. Ita kuwa kujerar roba ba ta wahalar da ɓarawo: ba nauyi, ba ƙara, ana ɗora wata kan wata, kuma duk kamarsu ɗaya. Na tafi sallar magariba, kafin in dawo biyu sun yi layar zana.

'Yan majalisarmu suka ce in yi abin da masu hayar kujerun biki suke yi, in rubuta sunana da fenti. Ni kuma na ga suna kaɗai ba zai kunyata kowa ba, sai na sa mai fenti ya rangaɗa wa kowacce rubutu da ja a baya: SATO NI AKA YI. Abin ya yi aiki, har ranar da wani abokina a Hotoro ya ce in ara masa su saboda taron suna. Na loda su a adaidaita sahu da daddare, muna shiga layinsu 'yan sintiri suka haske mu da tocila.

"Malam, ina zuwa da waɗannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

Babbansu ya karanta rubutun a hankali, ya dube ni. "To, ai su ba haka suka ce ba."

Sai da aka taso mai unguwarmu a waya ya shaide ni, yana dariya har da tari.

Daga nan na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da ƙarafa da kayan gini, na sayo sarƙa mai kauri irin wadda ake ɗaure janareto da ita, da ƙaton kwaɗo. Na zura ta ta hannuwan kujerun na zagaye bishiya na datse. Ita dai inuwa ba ta ɗauruwa: da safe tana yamma, da yamma tana gabas, kujeru kuwa suna nan inda na kafe su. Ranar da surukina ya zo daga Bichi, rana ta dafa su har ba sa taɓuwa, makulli kuma yana cikin jakar uwargida, ita kuma tana gidan biki.

"Baba, bismillah, ga wuri."

Tsoho ya dubi sarƙa, ya dubi jan rubutu, ya gyara rawani. "A'a, ɗana, ba ni tabarma. Ni ban yi laifin komai ba."

Sarƙar ma ba ta yi tsawon rai ba. 'Yan jari bola a kan sikeli suke sayar da ƙarfe, kilo-kilo, kuma ɓata-garin cikinsu ko murfin kwalbati ba sa bari. Wata safiya na fito na tarar da kujeruna a jere reras, ba ko ɗaya da ta ɓata. Sarƙa da kwaɗo, waɗanda suka fi kujerun tsada, sun tafi. Uwargida ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, sannu. Yanzu ko ɓarayin ma sun raina kujerun nan."

A ranar na kira birkila, aka kawo bulo da yashi da siminti, aka gina mini dakali a jikin katanga, aka shafe shi sumul. Na ce yanzu sai a zo da tirela.

Gaskiya har yau ba wanda ya sace shi. Samarin layi ne dai suka maido majalisarsu kansa, daga la'asar har sha ɗayan dare ana musun Kano Pillars da Arsenal. Mai rake ya kafa baro a gefe, mai shayi yana ta auna wurin da ido. Jiya na fito shan iska na raɓa a ƙarshen dakalin, sai wani yaro ya russuna cikin ladabi ya ce, "Baba, don Allah a ɗan matsa, nan wurin shugabanmu ne."